Abin da Yaya Ke Kiwo a Faranti

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mijinki da 'yar jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Ni lafiyata lau, in ban da ciwon baya saboda tsayuwa gaban injin kwafi. Baba yana gaishe ki. Ya ce in rubuta miki cewa jiki da sauƙi. To na rubuta, ga shi kin gani. Yanzu bari in gaya miki gaskiya.

Babu sauƙi. Gyambon nan na diddigensa na dama, wanda kika ce ai ciwon masu suga ne a dinga wankewa, ya ci har ya haura idon sawu. An canja masa magani iri-iri, na sha da na allura, ba wanda ya ko girgiza shi. Shekaranjiya likitan, wani dogo da ke magana da takarda maimakon ya kalli mutum, ya ce ƙwayar da ke ciki ta daina jin duk maganin da suke da shi, don haka a yanke daga ƙasan gwiwa. Haka ya faɗa, kamar mai cewa a rage tsawon wando. Na ce, "Likita, tela ne fa. Da wannan ƙafar yake taka keke." Ya ce ai akwai keke mai wuta. Na ce to ka haɗo masa da wutar. Nas ce ta kama hannuna ta fitar da ni.

Takarda nake rubuto miki don a waya kafin in kai ga magana kin ce ina miki ihu kin kashe.

Kin san aikina: ɗalibai su kawo littafi in buga musu kwafi, idona kuma na bin shafi. Makon jiya wata ta bar ƙaton littafin ilimin halittu. A ciki na ga hoton wani abu mai kai kamar kan ƙusa, da wutsiya, da ƙafafu irin na gizo-gizo, ya sauka a bayan bakteriya. A tsaye na karance babin, har mai shago ya leƙo yana tambaya ko injin ne ya mutu. Ashe wani bairos ne da ba ruwansa da ɗan Adam, bakteriya kaɗai yake ci. Sai na ga sunansa: faj. Yaya, ba wannan ba ne aikin da kika tafi yi? Shekara da shekaru muna ce wa mutane tana aikin gwaje-gwaje, ashe abin da zai ceci ƙafar ubanki kike kiwo, kika ja bakinki kika yi shiru.

Ki zuba a kwalba ki aiko. Direban da ke kawo wa mai shago takarda yana bi ta wajenku. Shi zai miƙa miki wannan, shi zai dawo da amsa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yarinya ta fara haƙori, ba ta bari a huta. Na karanta takardarka a wajen aiki, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska kafin in iya komawa cikin mutane. Me ya sa ba ku gaya min ya kai haka ba?

Eh, faj nake aiki a kai. Amma ba kamar ƙwayar ciwon kai ba ce da za a zuba a kwalba a aiko. Ka tuna gwangwanin maɓallan Baba? Kowane maɓalli da irin gidansa. Haka faj yake: kowanne da irin bakteriyar da ya sani. Zai sauka a jikinta ya laluba da ƙafafun nan da ka gani, in bai sami wurin da ya yi masa daidai ba ya wuce, ko da ita ce ta fi kowace mugunta. In ya samu, sai ya huda bangonta ya tura wani siririn zare ciki. Zaren nan umarni ne. Ɓawon kuma a waje yake zama, fanko. Daga nan bakteriyar ta bar aikin kanta ta koma ƙera masa kawuna da wutsiyoyi da sababbin zare, su harhaɗu a cikinta, su fasa ta su fito, gommai ko ɗaruruwa, kowanne ya nemi ta kusa. Sau da yawa ba a cika awa guda ba an gama.

Shi kaɗai ba ya iya haihuwa. A kwalba zaune yake kamar ƙura, sai ya sami bakteriyarsa da rai. Don haka sai na ga ta ƙafar Baba tukuna, in raine ta a faranti, in gwada waɗanda muke da su a kanta. Ka je ɗakin gwajin asibiti su ɗebo daga gyambon su shirya maka.

Ka ji ni da kyau, Auta. Wannan nema ne, ba alkawari ba. Ana iya yin watanni ba a dace ba. Kada ka gaya wa Baba tukuna, kuma kada a dakatar da abin da likita ya ce saboda ni.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. A shafa min kan mai haƙori. Baba yana cin abinci, yana barci, jiya har dariya ya yi.

Maganar kada in gaya masa kuwa, ta zo a makare. Tun ranar da direba ya tafi da takardata na gaya masa. Me kike so in yi? In zauna ina kallonsa yana shafa ƙafa kamar mai sallama da baƙo?

Da taki ta zo na karanta masa wajen bayanin. Bai gane zancen zare ba, sai na ce, "Baba, kamar wani ya shigo shagonmu ne ya sa takardarsa a inji ya danne maɓalli. Injin ya manta da aikin kowa, ya yi ta buga takardar nan, ya yi ta bugawa, har tawada ta ƙare, shago ya cika, ƙofa ta ɓalle, takardu su watsu a titi, kowace ta shiga shagon gaba." Sai ya ce, "To in sun gama cinye masu cutar, su kuma me za su ci? Ba ni za su juyo wa ba?" Na ce a'a, in abincinsu ya ƙare su ma sun ƙare. Ya ce, "Ashe masu kunya ne." Tun daga nan duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin 'yarsa mai kiwon sojoji a faranti.

Na je ɗakin gwajin. Wani mai gilashi ya ce sai da takardar likita. Likita ya ce shi bai san da wannan zance ba, in dawo ranar da babbansu ke zama. Na gaya musu abin da ya sawwaƙa, na dawo gida na yi da kaina. Ba wani abu ba ne: auduga, sabuwar kwalba, hannu a wanke. Baba ya ce shi ba zai aika wa 'yarsa ƙazanta mai wari ta buɗe a gaban abokan aikinta ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai a littafin nan na ga yadda ake ajiye kwaɗi da macizai a cikin sifirit don kada su ruɓe. Na cika kwalbar da sifirit har wuya. Shi kuma ya sa aka zaunar da shi a bakin gado, ya yanki farin ƙyalle, ya kalmashe bakinsa da hannu, ya goge, ya naɗe kwalbar. Za ki ga ɗinkin, har yanzu hannunsa bai karkace ba.

Da muka koma asibiti, likita ya kawo takardar izinin yanka. Baba ya ce masa, "Ɗana, ajiye biro. Maganina na hanya." Da kin ga fuskar dogon nan!

Auta

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa.

Kwalba ta iso. Na shafa a faranti duk da na san abin da zan gani. Ba abin da ya tsiro. Sifirit kashewa yake yi, Auta. Kwaɗin da ka gani a littafi matattu ne, siffarsu kawai ake adanawa. Ni mai rai nake nema. Laifina ne da ban rubuta maka wannan ba, na ɗauka ɗakin gwaji za su yi.

Ƙyallen yana cikin jakata. Na kasa ajiye shi.

Ka koma wajen nas ɗin nan da ta fitar da kai, ka ba ta haƙuri, ka nuna mata wannan takarda. Ta san irin kwalbar da ake sawa, ta san a sanyi ake tafiya da ita. Amma ko an aiko gobe, kada a jira ni. Na ce kada a jira ni. Kai ne ka karanta wa Baba wajen da ya yi maka daɗi, ka tsallake inda na ce ba alkawari ba ne. Ina ta kiranka ba ka ɗagawa, don ka san abin da zan faɗa. Ku yarda a yi aikin.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ban san ko in ce muna lafiya ba.

Takardarki ta daɗe a hanya, an canja wa direba layi, sai da ta kwana a aljihunsa fiye da mako biyu. Da na karanta na yayyaga ta, sannan na tsince na liƙe da selotef don in kai wa nas. Ke da kike da digiri a kan abin, kalma uku sun gagare ki? "Ban da sifirit." Shi ke nan fa! Ni wa ya koya min? A tsaye nake karatuna, shafi na wucewa ina bin sa da ido, in mai littafi ya zo ya karɓe abinsa ko na gama ko ban gama ba. Babin da ke bayan wancan ban taɓa ganinsa ba.

Wayarki kuma, eh, ina gani. Ban ɗaga ba.

Nas mutuniyar kirki ce, ba ta ko tuna min abin da na faɗa musu ba. Ta ɗebo da kanta, ta sa a wata 'yar kwalba mai abu kamar kitse a gindi, ta jera ƙanƙara a fulas ɗinta na ruwa ta ba direba. Ga shi nan tare da wannan takarda.

An kwantar da Baba. Zazzaɓi ke zuwa masa da yamma, yana karkarwa har gadon na ƙara. Ƙafar ta yi baƙi zuwa tsakiyar ƙwauri, kuma warin, Yaya, tun daga bakin ƙofar ɗakin. Na gani da idona, ba sai dogo ya gaya min ba. Na durƙusa na ce, "Baba, a yanke. Ni ne na ce a jira, yanzu ni ne nake cewa a yanke."

Ya ce, "Kai da bakinka ka ce suna fasa su su fito ɗari-ɗari."

Na ce, "Na faɗa. Amma ba a samu naka ba tukuna."

Ya ce, "To a samu mana. Yarinyar nan tun tana ƙarama in allura ta faɗi ita ke tsinto ta."

Na yi masa ihu a gaban mutane, Allah ya yafe min. Na ce mutuwa kake so? Ya ce, "Auta, rage murya, akwai marasa lafiya."

Ba ya jin tawa. Ni na zuba masa maganar nan a kunne, ta shiga ta yi 'ya'ya, yanzu na rasa ta inda zan fitar da ita. Ki rubuto masa, shi, da sunansa a kai. In kin kira ba zai saurara ba, zai ce miki da sauƙi ya tambayi jikarsa. Takarda kuwa yana girmama ta.

Auta

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Jikarka tana nan, haƙora biyu sun fito, tana cizon duk wanda ya ɗauke ta. Na ga ƙyallen da ka naɗo min. Ko a shagon birni ba a kalmasa haka.

Baba, abin da nas ta aiko ya iso da rai, na raine shi ya cika faranti. Na gwada duk faj ɗin da muke da su, ba wanda ya kama shi. Na shiga nema a ruwan kwata da na magudanar asibiti, don a irin wuraren nan ake samunsu. Na sami guda ɗaya da ke shiga, amma irin mai lalaci ne: in ya shiga bakteriyar ba ya fasa ta, sai ya kwanta a cikinta, ta yi ta haihuwa da shi a ciki. Irin wannan ba ya magani.

Ban daina nema ba, kuma ba zan daina ba. Amma ko yau na samu, sai an tace shi, an gwada, an nemi izini, kafin a sa wa mutum. Ƙafarka ba za ta jira wannan ba. Ni ce 'yar da kake yabo a gaban masu dubiya, to ni ce nake gaya maka ba ni da maganin nan a hannuna. Ka yafe min.

Na nemi hutu, sun ce sai ƙarshen wata. Ina so in zo in tarar da kai, Baba, in ɗora maka yarinyar nan a cinya. Ba ruwanta da ƙafa nawa gare ka. Don Allah ka sa hannu.

'Yarka

*

Yaya,

Kin riga kin ji a waya, amma a waya kalma biyu kawai na iya faɗa. Kin ce in rubuto miki yadda aka yi. To.

Na karanta masa takardarki, wannan karon ban tsallake ko ɗigo ba. Da na kai wajen mai lalacin nan ya yi murmushi ya ce, "Ko a cikinsu ma akwai 'yan zaman banza." Da na gama ya karɓa ya ninke ta daidai, gefe da gefe, ya sa a ƙarƙashin matashi. Sannan ya ce, "Kira min dogon."

An yi aikin washegari da safe. Ba ƙasan gwiwa ba kuma, sama. Ya farfaɗo, ya sha ruwa, ya tambaye ni ko na rufe kan keken da zane don kada ya yi tsatsa. Na ce na rufe. Ƙarya nake, ban ko leƙa shagonsa ba. Kwana biyu muna murna. A na uku zazzaɓin ya dawo, likita ya ce abin ya riga ya shiga jini tun kafin a yanke. Bai ce don mun jira ba ne. Na tsaya ina jira ya faɗa don in sami wanda zan yi wa ihu, sai ya dafa kafaɗata kawai. Ashe yana kallon mutane, Yaya, ni ne ban taɓa tsayawa na gani ba.

Da hantsi Baba ya cika, ina riƙe da kofi. Bai bar wata magana ba. Abu na ƙarshe da na ji ya faɗa shi ne a buɗe taga.

Kada ki ce min ba laifina ba ne. Kowa ya faɗa, mai shago ma ya faɗa. In kika faɗa ke ma, zan daina buɗe takardunki.

Ki zo a ƙarshen watan kamar yadda kika shirya. Akwai kayan mutane da bai gama ba, ban san na wa da wa ba ne.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ina fata kana cin abinci. Ba zan faɗi abin da ka hana ni ba.

Akwai maganar da na so in bari sai na zo, amma ba za ta jira ba. Bayan rasuwar ban iya zubar da farantan ba, na ci gaba da gwadawa, ban san don me ba. Ranar Talata na ɗaga wani faranti sama wajen haske, sai na ga ramuka tas-tas a cikin bakteriyar Baba, kamar an bi da abin huda takarda. Kowane rami wurin da faj guda ya fara ne, ya yi ta fasawa har ya share kewayensa. Na samu, Auta. Mai fasawa ne, ba mai kwanciya ba. Na zauna a ƙasa a ɗakin gwaji na yi kukan da ban yi ba ranar da ka kira.

Shugabarmu ta ce irin wannan bakteriya tana addabar mutane da yawa, kuma wannan faj zai iya yi wa wani amfani wata rana. Amma ka san ba ya haihuwa shi kaɗai. In za a ajiye shi a riƙa ƙara yawansa, sai an ajiye bakteriyar Baba ita ma da rai a firji, ana fito da ita ana ciyar da shi. Wato abin da ya kashe shi ni zan riƙa raino da hannuna.

Daga jikinsa ta fito, kuma mu biyu ya bari. Ba zan yanke ni kaɗai ba. In ka ce a'a, zan sa su duka a tukunyar tururi a kashe, ba wanda zai tambaye ni.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina ci, ba da yawa ba. Na koma aiki.

Amsar farko da na rubuta miki kalma biyu ce: ki ƙona. Har na ba direba, na bi shi bakin titi na karɓo. Kwana na yi ina zaginki a raina, ke da farantinki da Talatarki. Ina ma laifin wata Talatar, ta baya? Duk jikin mutumin nan, hannunsa, muryarsa, ba abin da ya rage da rai a duniya sai wannan la'ananniyar, kuma ita za a sa a firji ana lallaɓawa.

Jiya na je asibiti mayar wa nas fulas ɗinta da direba ya dawo da shi. Tun daga bakin ƙofar ɗakin da Baba ya kwanta na ji warin. Na ɗauka hancina ne bai manta ba. Ashe wani ne a gadon, magini, hannuwansa duk kanta, an ɗora ƙafarsa a kan matashi, 'yarsa na yi masa fifita da kwali. Ta ga ina kallo ta ce, "Malam, ka san ciwon ne?" Bakina ya buɗe, Yaya. Wallahi duk bayanin ya taho har kan harshena, kai da wutsiya da zare da ɗari-ɗari. Na haɗiye. Na ce, "Ku ji maganar likita, kada ku ɓata lokaci. Allah ya ba shi lafiya." Na fita.

Na ba nas adireshin wajen aikinki. In da abin aikowa ita za ta aiko, ita da dogo, ba ni ba.

Ki ajiye bakteriyar. Ki ciyar da faj ɗin. Abu ɗaya nake roƙo: in za ki rubuta a jikin kwalbar, kada ki sa "ta Baba". Ki ba ta lamba kamar sauran.

Sai kin zo.

Auta